Na Je Agadas Ɗauko Jalo

Tun da na dawo daga Agadas ban huta da tambaya ba. A shagon ɗinkina, a ƙofar masallaci, har wurin mai shayin unguwar Dawaki, kowa ya gan ni sai ya ce, "Habu, ya Nijar? Ina Jalon?" Tambayar farko ina da amsarta buhu-buhu. Ta biyun ce nake ta kewayewa kamar mai bin bayan gida don gudun suruki. Na gaji da ba da labari guntu-guntu, ga shi nan gaba ɗaya. Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi, a bar ni in yi ɗinki.

Ga wanda bai san mu ba, mu huɗu ne muke kiɗan rok, wato kiɗan jita mai lantarki da ganguna, wanda iyayenmu ke kira "hayaniyar nan taku". Ni ke riƙe da bes, babbar jita mai kaurin murya. Yakubu kafinta, Batangale daga Billiri, shi ke kan ganguna, a coci ya koya. Rahila ke waƙa. Sai Jalo, Bafillatanin unguwar Madaki, ƙaraminmu, mai jitar gaba. In za a faɗi gaskiya shi kaɗai ne mai baiwa a cikinmu, mu sauran son abin ne ya yi mana yawa. Muna haɗuwa a garejin kawun Yakubu a unguwar Gabukka, nan Gombe, da tsohuwar amfilifaya mai ba da shokin in ka taɓa ta ba takalmi. Igiyar rataya jita ma ba mu da ita, bel ɗin kujerar wata matacciyar mota muka yanke, na ɗinke mana. Ban taɓa jin daɗin duniya kamar na shekarun nan ba.

Da fitinar nan ta ƙaraso Gombe, aka fara jin tashin bam a tashoshi da kasuwa, sai maƙwabta suka zo da lalama suka ce ƙarar babbar ganga tana tsinka musu zuciya. Suna da gaskiya. Yakubu ya cusa filo a cikin gangar, ya shimfiɗa tawul a kan ƙananan, mu kuma muka murɗe sautin amfilifaya ƙasa. Muka koyi kiɗan rok a raɗa. Ana nan wata rana aka tsayar da Jalo a wani shingen bincike, aka ce ya cire riga. Bel ɗin nan ya bar masa baƙin layi a kafaɗar hagu, suka ce shatin igiyar bindiga ne. Kwana tara ya yi a hannu kafin a fito da shi. Bai taɓa gaya wa kowa abin da ya gani ba. Bayan sati biyu ya bi baffansa mai fataucin dabbobi zuwa Nijar, yau shekara uku ke nan.

Abin da ya tayar da tafiyar shi ne auren Yakubu da Rahila. Tun a gareji muka yi alkawari cewa duk wanda ya fara aure, mu huɗu za mu kaɗa masa. Yakubu ya kafe, ya ce in babu Jalo ba zai taɓa sandar ganga ba.

"Habu, zuwa da kai ya fi saƙo," in ji shi. "Kai yake kira Hamma, yayansa ya ɗauke ka. Ka san Fillani da kunya. In ka taka ƙafa har can, ba zai iya kallon idonka ya ce a'a ba."

Na san tarko ne muke ɗana wa yaron, kuma na yarda, don duk cikinmu ba wanda ya kai ni kewarsa. Na biya Madaki na yi wa mahaifiyarsa sallama. Dada ba ta kama sunansa, ɗan fari ne. Ta ba ni kwalbar man shanu da ƙullin dakkere, dambun geron nan nasu, ta ce, "Ka kai wa wancan." Ba ta ce in dawo da shi ba, ba ta kuma ce in bar shi ba.

Daga Gombe zuwa Kano ba sai na ba ku labari ba, kun san hanyar Dukku da Darazo. A sauka, a ɗaga hannu, a taka a ƙasa, a koma mota, a yi gaba kaɗan a sake. Riga biyu na saka duk da zafin da ake yi, don tsoron a ga kafaɗata, ko da yake ni tun abin da ya sami Jalo ban ƙara rataya bes ba, a zaune nake kaɗawa. A Kano na shiga motar Daura, Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wani dattijo ɗan Damagaram mai fataucin albasa, Malam Isufu. Kafin mu kai Kazaure ya san sunan kakana. Ya ce mu mutan Najeriya komai namu da gudu ne da ihu, ko gaisuwa muke yi sai ka ce rabon faɗa. Na ce ai yanzu mun yi sanyi. Ya dube ni ta gefen ido ya ce, "Sanyi ko tsoro?" Na juya ina kallon taga.

A kan iyaka, a Kwangwalam, man Dada ya tona mini asiri. Rana ta narkar da shi, murfin ya saki, ya bi takarduna kaf. Ma'aikacin ɓangaren Nijar ya ɗaga katina da yatsa biyu yana ɗiga, ya shinshina.

"Mushe," ya ce, wato malam da Faransancinsu, "wannan katin shaida ne ko na cin tuwo?"

Duk rumfar aka kwashe da dariya. Ya goge shi da gefen takarda, ya tambaye ni abin da zan je yi Agadas. Nan gabana ya faɗi, don a gida kalmar makaɗi ba ta taɓa taimakona a gaban mai kaki ba. Na ce a hankali zan je wurin ƙanena ne, yana kaɗa jita.

"A Agadas? To, wanne daga ciki? Can ai ko akuya ka taɓa sai ta kaɗa maka jita." Ya buga hatimi ya miƙo mini, ya ce in rufe sauran man da kyau kada uwar yaro ta yi asara biyu.

Malam Isufu ya hana ni kwana a tasha, ya kai ni gidansa a Damagaram, aka shimfiɗa mini tabarma a zaure. Aka kawo dambu da zogale da ƙuli, ga fura mai sanyi a ƙwarya. Da safe kuma burodinsu, dogo kamar sanda, mutum ya saƙale shi a hammata yana tafiya yana gaisawa da jama'a. Na gutsura na ce ya bushe, yaran gidan suka ce haka ake cin sa, namu ne ɗanye. Da rana tsaka kowa ya rufe shago ya je ya kwanta sai la'asar, abin da in ka yi a kasuwar Gombe za a zo duba ka. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ƙarami ne. A tashar motar Agadas wani ya ajiye jakarsa a tsakiyar fili ya tafi alwala. Na miƙe na ja da baya ina neman hanyar gudu. Mata na zaune kusa da jakar suna ɓare gyaɗa, wani yaro ma ya hau kanta ya zauna. Su ma suna da nasu tashin hankalin can gabas, amma bai kai ga raba su da jaka ba. Na koma na zauna ina jin kunyar kaina.

Hanyar Agadas doguwa ce, bayan Tanut kuma kwalta sai sunan. Can da azahar tayar baya ta fashe. Kafin ƙarar ta gama fita na tsinci kaina a ƙarƙashin kujera, kaina tsakanin buhun gero da ƙafar wani tsohon Buzu. Motar ta tsaya, kowa na zaune a inda yake. Tsohon ya leƙo ni ta saman rawaninsa, ya ce, "Najeriya?" Na ce e. Bai yi dariya ba, ya kama hannuna ya tashe ni. Wata mata a kujerar gaba ta miƙo mini cuku, busasshen cukwi mai faɗi kamar takarda, ta ce in tauna zuciyata ta kwanta. Da sun yi mini dariya da ya fi mini sauƙi.

Jalo na jira na a tasha. Da farko na wuce shi, don ya naɗa rawani irin nasu ya rufe baki, ya bar gemu, ya ƙara tsawo. Sai na ji an ce, "Hamma." Muryar ba ta canza ba. Na riƙe shi, shi kuma sai tambaya yake jerowa, ya Dada, ya Yakubu, ya Adda Rahila, ya hanya, kansa a ƙasa.

Ɗaki ɗaya suke zaune da wasu samari Buzaye biyu, Agali da Bubakar, duk makaɗa. Da rana Jalo yana gyaran rediyo da fitilun sola a bakin kasuwa. Aka hura gawayi aka ɗora shayi, aka yi ta juye shi daga buta zuwa kofi har na fara gyangyaɗi, sannan aka miƙo mini ɗan kofin da bai fi babban yatsana ba. Ni da na saba da kofin mai shayin Dawaki, na kurɓe shi gaba ɗaya na ce ina sauran. Agali ya ce sauran yana zuwa, sau uku ake dafawa, kuma ba a tashi sai an sha na ukun. Tsakanin na biyu da na uku na kasa haƙuri, na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce biki saura kwana goma sha biyu, Yakubu ya rantse ba zai kaɗa ba sai da shi, ni kuma ga ni na zo da ƙafata.

Jalo ya juya kofi a hannu. Sannan ya ce, "To, Hamma."

Shi ke nan. Na yi tsammanin za a kai ruwa rana, har na tanadi wa'azi. Na fita waje na kira Yakubu, na ji Rahila tana guɗa a bayansa.

Washegari bayan la'asar suka tafi da ni wani biki da aka gayyace su. Jama'a, gani ya kori ji. An tare titi guda da tabarmi, an ta da janareto, an jera sifiku a kan benci. Ba mai laluben kowa, ba mai cewa a buɗe jaka. Maza ne a rufe da rawani, mata kuwa fuska a buɗe, su ne ma a gaba suna tafi. Kuma su ba ruwansu da wai wannan ƙungiyar wane ce. Jita tana yawo hannu zuwa hannu, wanda ya iya ya karɓa, in ya gaji ya miƙa. Ko a coci Yakubu ba ya ba kowa sandarsa, na ce da yana nan da ya ga ikon Allah.

Da jitar ta zo hannun Jalo, ya rataya ta ya miƙe tsaye, ya kai hannu ya murɗe sautin har ƙarshe. Na san kiɗan yaron nan tun yana koyon riƙe wayar jita, amma wannan ban san shi ba. Ya haɗa namu da nasu, yana tafiya a tsakiyar fili, rawani ya zame, yana dariya da dukan haƙoransa. Rabon da in ga haƙoran Jalo tun kafin kwana taran nan. Na tsaya a bayan mata ina share ido da hula.

Sai Jalo ya yafito ni. Bubakar ya cire bes daga wuyansa ya miƙo mini. Na karɓa, na nufi amfilifaya, na rage sautin har ya kusa mutuwa, na jawo kujera na zauna, na ɗora bes a cinya, na kwantar da tafin hannu a kan wayoyin don kada su yi amo. Mai ganga ya dakata. Masu rawa suka tsaya suna kallona. Agali ya matso ya ce, "Lafiya? Ta lalace ne?"

Wallahi ban san na yi ba. Hannuna ne ya yi abin da ya saba yi shekara uku. Jalo kaɗai ya gane, na gani a fuskarsa. Ya zo ya mayar da sautin sama, ya rataya mini igiyar da hannunsa, ya ɗaga ni tsaye, ya ce, "Hamma, Motar Billiri." Waƙarmu ce ta farko, wadda muka haɗa a gareji ranar da mota ta tafi ta bar Yakubu da ganguna a bakin hanya. Na buga wayar farko, na ji ta a ƙirjina da tafin ƙafata. Buzaye ba su san waƙar ba amma suka taka ta. Muka yi ta har aka kira magariba, yatsuna biyu suka fashe, ban ji zafi ba sai da muka koma gida.

Ranar da ta biyo baya muka zauna a ɗaki mu gwada waƙoƙin biki. Jalo yana ɗaure wayar jita yana tambayata, kamar hira ce kawai. Shingaye nawa ne yanzu daga Kano zuwa gida? Na ƙirga masa. Ina za a yi bikin? Na ce a harabar coci, za a laluba kowa a ƙofa, a tashi kafin ƙarfe biyar, kuma an roƙe mu kada sauti ya fita titi. Ya gyaɗa kai.

"Har yanzu suna sa a cire riga?"

Na so in yi ƙarya. Na ce, "Wani lokaci."

Ya jawo kujera ya zauna, ya ɗora jitar a cinya, ya kai hannu ya rage sautin daidai inda muke ajiye shi a Gabukka. Ba wanda ya ce ya yi. Shekara uku ya yi yana warkewa, ni kuma wuni biyu kacal na yi na dawo masa da ciwon. Muka yi waƙa uku a haka, Agali ya leƙo ya ga abin da muke yi, ya koma.

Ranar tafiya na tashi sallar asuba na tarar shimfiɗarsa ba kowa. Na fita tsakar gida ɗaukar buta, na same shi tsugune a bayan randa ba riga. Ya aske gemun tas. Yana riƙe da dutsen goge kaushi, yana dirzar kafaɗarsa ta hagu, yana matsa lemun tsami a kai. Layin nan ya ƙara baƙi da faɗi, don shekara uku ya yi yana kaɗawa a tsaye. Ya dirje wurin har fata ta saɓule, jini na tsattsafowa, layin kuwa yana nan. Da ya gan ni ya yi sauri ya jawo riga.

"Ba komai, Hamma. Kafin mu kai Kano ya bushe."

Na yi alwala ban san me na wanke ba. A hanyar tasha na lura jakarsa kaɗai ya ɗauko. Na ce ina jitar? Ya ce ya bar wa Bubakar ajiya, zai ari ta coci, kaya masu kama da haka ba su da daɗin bi da su ta shinge. Ya sayo wa Dada cuku da dabino, ya sayo wa Rahila ɗan kunnen azurfa. Komai ya shirya, ko sau ɗaya bai nuna mini ba ya so ba.

Direba ya fara kiran fasinja. Jalo ya ɗora ƙafa a matakalar mota, na ga jini ya ɓullo ta kafaɗar farar rigarsa, ɗan tabo kamar kwabo. Na tuna shingen farko bayan Kano, na tuna hannu sama. Raunin da ya yi wa kansa ma ya isa a ce ya sauko a tambaye shi. Na riƙo jakarsa.

"Jalo, sauko."

Ya sauko.

"Ba ni saƙon Dada da na Rahila. Kai ka zauna. Ni na ce ka zauna, ni zan yi wa Yakubu bayani."

Ya dube ni, karo na farko da ya kalli tsakiyar idona tun zuwana. Leɓensa ya motsa. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Hamma." Da murya ɗaya ya faɗe ta da ta ranar shayi, ba ƙari ba ragi. Ya ciro ƙullin kayan ya ba ni. Mota ta tashi, yana tsaye da jaka a hannu, fuskarsa ba gemu kamar ta yaron da na sani, har muka karya kwana.

Dawowa ba ta da labari. Na sake kwana gidan Malam Isufu, ya ga fuskata bai tsokane ni ba. Ma'aikacin iyaka ya gane ni, ya tambayi man shanu. Na shigo Gombe da yamma. Yanzu ba a barin masu tarya su shiga tasha, don haka Yakubu na tsaye a tsallaken titi, da ƙurar katako a gashinsa, ya taso daga aiki ko wanka bai yi ba. Ba ni yake kallo ba, bayana yake kallo, yana bin fasinja ɗaya bayan ɗaya har motar ta zama ba kowa.

Ku da kuke cewa Jalo ya yi girman kai, ya samu wuri ya manta da mu, ku daina ɗaukar alhakinsa. Bai ƙi zuwa ba. Ƙafarsa na kan mota na sauke shi. Haka na gaya wa Yakubu a bakin titin nan, ban rage komai ba, da bikin Buzaye, da dutsen kaushi, da tabon jini. Ya saurare ni har ƙarshe. Na zaci zai yi faɗa, na ma fi son ya yi. Sai ya zauna a kan dakalin wani shago, ya daɗe yana kallon ɗan kunnen Rahila a tafin hannunsa.

"Na ji naka, Habu," ya ce. "Na kuma san nawa. Shi fa? Shi me ya ce yana so?"

Kwana huɗu na yi da Jalo a ɗaki ɗaya. Na ce masa zo, na ce masa zauna, ban taɓa tambayarsa ba.